Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ɗana Da Ya Tambayi Yadda Manzanni Suka Mutu

Ɗana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da mutanen gida.

A taron matasa na watan jiya ka miƙe a gaban jama'a, waya a hannunka, ka karanta mana saƙon nan da ke yawo a WhatsApp. Ya jero manzannin Yesu ɗaya bayan ɗaya, kowa da irin kisan da aka yi masa: wannan an gicciye shi kansa a ƙasa, wancan an feɗe shi da ransa, wani an soke shi da mashi, wani an raba shi biyu da zarto. Ya ce duk an kashe su ban da Yohanna, kuma tunda ba mai ba da ransa a kan ƙarya, magana ta ƙare. Sai ka juyo wurina ka ce, "Baba, duk wannan a rubuce yake? A ina?" Lokaci ya ƙure ranar, na ce ka biyo ni bashi. A bainar jama'a ka yi tambayar, don haka a bainar jama'a zan biya.

A'a, ɗana, ba duka ba ne a rubuce cikin Littafi Mai Tsarki, kuma abin da ke wajensa ma ba nauyinsa ɗaya ba. Akwai tsaba a cikin jerin nan, akwai ƙaiƙayi. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ma suka san mutanen nan da sunan Hawariyawa, suna da wata ɗabi'a ta ilimi da nake ganin girmanta: in an kawo labari sai su tambayi wanda ya faɗa, daga bakin wa ya ji, tsakaninsu shekara nawa. Da wannan faifan zan sheƙe maka labaran.

Cikin sha biyun, in ka cire Yahuza Iskariyoti, mutum ɗaya tak Sabon Alkawari ya ba da labarin mutuwarsa: Yakubu ɗan Zabadi, ɗan'uwan Yohanna. Ayyukan Manzanni sura 12 ta ce sarki Hirudus ya sa aka kashe shi da takobi, da ya ga abin ya yi wa mutane daɗi sai ya kama Bitrus ma. Wannan Hirudus Agaribas ne, jikan Hirudus Babba, wanda ya riƙe Yahudiya daga shekara ta 41 har ya mutu a 44. Aya biyu ke nan, babu wasiyya, babu kirari. Duk lokacin da na karanta wurin sai in tuna cewa Yakubun nan ne shi da ɗan'uwansa suka roƙi Yesu kujerar dama da ta hagu, ya tambaye su ko za su iya shan ƙoƙon da zai sha, suka ce za su iya. Shi ya riga sauran sha.

Akwai wani Yakubun, ɗan'uwan Yesu, wanda ya shugabanci ikilisiyar Urushalima. Shaidar mutuwarsa tana da ƙarfi don ba daga bakin Kirista ta fito ba. Yosifus, Bayahude marubucin tarihi, haifaffen Urushalima, ya rubuta cewa a shekara ta 62 gwamna Festus ya mutu, magajinsa Albinus yana kan hanya, sai babban firist Ananus ya ga gari ba mai tsawatarwa. Ya tara majalisa, ya gurfanar da Yakubu da waɗansu, ya sa aka jajjefe su. Mutanen kirki na birnin suka kai ƙara, aka tuɓe Ananus bayan wata uku kacal a kan muƙamin. Ka lura da abin da ya biyo baya: bayan kamar shekara ɗari wani marubucin Kirista, Hegesifus, ya ba da labarin, amma a wurinsa an jefo Yakubu daga ƙololuwar Haikali, an jefe shi, sannan wani ya ƙarasa shi da irin sandar da masu bugu ke buga tufafi da ita. Ƙashin labarin bai canja ba, tsoka ce ta ƙaru. Haka zance yake in ya yi doguwar tafiya a bakin masu ƙauna.

Bitrus da Bulus su ne zan fi daɗewa a kansu, don a nan aka fi cakuɗa abin da ya tabbata da abin da aka ɗora. A watan Yuli na shekara ta 64 gobara ta ci Roma; cikin unguwanni 14 na birnin, 4 kaɗai suka tsira lafiya. Raɗe-raɗi ya bazu cewa sarki Nero ne ya sa wutar, shi kuma ya ɗora wa Kirista laifin. Takitus, marubucin Roma wanda ba ya ƙaunar Kirista ko kaɗan, ya ce an lulluɓe waɗansu da fatun dabbobi aka sakar musu karnuka, an gicciye waɗansu, waɗansu kuma aka cinna musu wuta su zama fitilun dare a lambun sarki. Bai ambaci Bitrus ko Bulus ba. Wanda ya ambace su shi ne Kilemen na Roma, a wasiƙar da ya aika wa ikilisiyar Koranti wajen shekara ta 96, lokacin da waɗanda suka ga abin da idonsu ba su ƙare ba. Ya ce Bitrus ya sha wahala ba ɗaya ba ba biyu ba, ya ba da shaida, ya tafi wurin ɗaukakar da ta dace da shi. Bulus kuma an ɗaure shi sau bakwai, an kore shi, an jefe shi, ya ba da shaida a gaban masu mulki sannan ya bar duniya. Bisharar Yohanna sura 21 ita ma ta nuna Yesu yana gaya wa Bitrus cewa in ya tsufa zai miƙa hannuwansa, wani ya ɗaure shi ya kai shi inda ba ya so, marubucin kuma ya ce irin mutuwarsa ake nufi. Wajen shekara ta 200, Tatuliyan, mutumin Kartaj a Tunisiyar yau, ya faɗa a fili cewa Bitrus ya yi mutuwa irin ta Ubangijinsa, Bulus kuma irin ta Yohanna Mai Baftisma, wato fille kai. A wannan zamanin ne wani mai suna Gayus ya ce zai iya nuna wa kowa alamar kabarinsu, ɗaya a tudun Batikan, ɗaya a hanyar Ostiya. Da aka yi haƙa a ƙarƙashin babbar majami'ar Bitrus da ke tudun Batikan ɗin a shekarun 1940, an tarar da wani ɗan gini na tunawa da aka yi wajen shekara ta 160. To, cewa an kashe mutanen nan biyu a Roma a zamanin Nero, wannan kana iya faɗarsa a gaban kowane malamin tarihi ba tare da muryarka ta yi rawa ba.

Maganar gicciye Bitrus kansa a ƙasa fa? Ta fara bayyana ne a wani littafi na ƙarshen ƙarni na 2 da ake kira Ayyukan Bitrus, wanda ikilisiya ba ta karɓe shi cikin Nassi ba. A cikinsa akwai kare mai magana da muryar mutum, akwai bandar kifi da aka jefa a ruwa ta yi iyo. Orijen, wani malamin ikilisiya, ya maimaita batun kai a ƙasa a ƙarni na 3, daga nan ya zauna. Yana iya yiwuwa, don sojojin Roma sukan gicciye mutane ta hanyoyi iri-iri don wulaƙanci. Amma in za ka faɗe shi, ka ce "an ce".

Yohanna, wanda saƙon ya ware, yana da salsala mai kyau. Ireniyus, da ya yi rubutu wajen shekara ta 180, ya ce yana yaro ya saurari Folikaf na Samirna, Folikaf kuma ya zauna da Yohanna. Ireniyus ɗin ne ya gaya mana Yohanna ya rayu a Afisa har zamanin sarki Tirajan, wanda ya hau a 98. Baki biyu ke nan tsakani. Labarin jefa shi cikin tafasasshen mai ya fito lafiya kuwa daga Tatuliyan ne, bayan sama da shekara ɗari.

Toma yana da matsayi na daban a zuciyata. Littafin Ayyukan Toma, na ƙarni na 3, cike yake da abubuwan al'ajabi, kuma ya ce manzon ya je wurin wani sarkin Indiya mai suna Gondofares. An daɗe ana ɗaukar sunan a matsayin tatsuniya, sai a ƙarni na 19 aka tsinci kuɗaɗen ƙarfe masu sunansa a yankin Afganistan da Fanjab, aka gane sarki ne na gaske da ya yi mulki a ƙarni na farko. An kuma san jiragen fatake suna tashi daga Masar, iskar damina ta kora su har gaɓar kudancin Indiya, su sayo masoro da kayan yaji. A jihar Kerala har yau akwai miliyoyin Kirista da ke kiran kansu Kiristan Toma. Suna riƙe da cewa ya sauka ƙasarsu a shekara ta 52, aka soke shi da mashi a Mailafur, cikin birnin Cennai na yanzu, a 72. Ba ni da bakin da zan gaya wa mutanen da suka riƙe bangaskiya ƙarni bayan ƙarni a tsakiyar waɗansu addinai cewa kakanninsu ƙarya suka yi. Hanyar a buɗe take, sarkin ya tabbata. Amma gadon baka ne, ba shaidar wanda ya gani ba.

Sauran kuwa, bayan sura ta farko ta Ayyukan Manzanni, littafin bai ƙara kiran sunansu ba. Matiyas, da aka zaɓa da ƙuri'a a gurbin Yahuza, daga ayar zaɓensa shiru. An ce an gicciye Andarawas a Fataras ta ƙasar Girka, amma gicciyen nan mai ƙafafu a harɗe da ke tutar Sikotland ɗaruruwan shekaru daga baya ya shigo labarin. Bartalamawas, waɗansu sun ce an feɗe shi a Armeniya, waɗansu sun ce kansa aka sare. Saminu Zaloti an kai shi Farisa, an kai shi Birtaniya, an raba shi da zarto a wani labarin, an gicciye shi a wani. Har ma Kilemen na Iskandariya ya kawo maganar wani malami na ƙarni na 2, Hirakliyon, wanda ya lissafa Matiyu da Filibus da Toma cikin waɗanda ba su yi mutuwar shahada ba. Ikilisiya ba ta yarda da koyarwar Hirakliyon ba, amma maganarsa ta nuna cewa a zamaninsa ba kowa ya san jerin da ke wayarka ba.

Zan gaya maka abin da ya sa na damu. Ni da kaina na yi shekaru ina koyar da jerin nan a ajin Lahadi yadda aka koya mini, ban taɓa bin sawunsa ba. Wani yaro da ya taso a hannuna ya je jami'a, ya faɗe shi da ƙarfin zuciya a wata muhawara, aka ce ya nuna inda aka rubuta an feɗe Bartalamawas. Ya duba bai samu ba. Da ya dawo hutu ya ce mini, "Baba, in wannan ba ya nan, me kuma ba ya nan?" Wake ɗaya ke ɓata gari. Na daɗe ina jin nauyin tambayarsa, kuma laifin nawa ne, ba nasa ba. Tun daga ranar na ɗauki alkawarin ba zan sake ba yaro abin da zai karye a hannunsa ba.

Sai hujjar da saƙon ya rufe da ita. A ƙasar nan mun gani da idonmu yadda matashi ke ɗaura bam ya shiga kasuwa ko masallaci ko majami'a, ya mutu yana ganin daidai yake yi. Mutuwa a kan abu tana nuna mutum ya gaskata shi, ba ta isa ta mai da shi gaskiya ba. Kada ka ɗora wa hujjar kayan da ya fi ƙarfinta. Abin da za ta iya ɗauka shi ne wannan: mutanen nan ba labarin da suka gada suke wa'azinsa ba, cewa suka yi sun gani da idonsu, sun ci abinci da shi bayan ya tashi. Ba su zub da jinin kowa a kai ba, nasu aka zubar. Kuma ba su janye ba.

Ni abin da ya fi taɓa ni ma rayuwarsu ce. Masunta ne na tafkin Galili, da mai karɓar haraji wa masu mulki, da mai kishin ƙasa da ya tsani masu mulkin, a akushi ɗaya. Daren da aka kama Yesu duk suka gudu. Bitrus, magidanci mai mata da suruka, ya yi musun sanin Ubangijinsa har sau uku yana jin ɗumin wuta, tambayar wata baranya ce ta fara kayar da shi. Yakubu ɗan'uwan Yesu bai gaskata da shi ba lokacin da yake wa'azi. Bulus shi ya tsare tufafin masu jifan Istifanas. Kuma ba su ɓoye wannan abin kunya ba, littattafan da ikilisiyarsu ta adana ne suka faɗa mana. Bayan shekaru kaɗan sai ga su ana yi musu bulala a gaban majalisa suna komawa wa'azi. Bulus, yana ɗinkin tanti don ya ci da kansa, ya lissafa wa Korantiyawa da alƙalaminsa: bulala arba'in ba ɗaya har sau biyar, dūka da sanduna sau uku, jifa sau ɗaya, jirgi ya fashe da shi sau uku, ga yunwa, ga sanyi, ga rashin barci. Ya ce Allah ya baje su manzanni a ƙarshen layi kamar waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, sun zama sharar duniya. Wannan ya rubuta shi tun a shekarun 50, yana da rai, tabon yana bayansa, waɗanda yake rubuta wa kuma sun san shi ido da ido.

In kun sake haɗuwa, ka ajiye saƙon nan, ka buɗe wa 'yan'uwanka Ayyukan Manzanni 12, da 1 Korantiyawa 4, da 2 Korantiyawa 11, ku karanta da ƙarfi. Bayan haka ka ba su labarin Toma da Andarawas da sauran, ka gaya musu wa ya fara faɗa da kuma yaushe. In ka samu sarari ranar Asabar da yamma ka biyo gida, akwai tarihin ikilisiya na Yusibiyus a wurina, a cikinsa maganar Gayus da ta Hegesifus suke, zan ara maka.

Ka gaishe mini da mahaifiyarka da ƙannenka.

Ni ne,
Babanka cikin bangaskiya.