Tabarau na VR da ciwon ƙugu: a duba majinyaci kafin a ɗaura masa

Assalamu alaikum Edita. Ka ba ni fili in yi tsokaci kan wata na'ura da ake jinyar ciwon ƙugu da ita, irin ciwon nan da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya haura wata uku. Ina nufin tabarau na VR, wanda ake ɗaura wa mutum a fuska sai ya tsinci kansa cikin wata duniya ta kwamfuta.

A Nuwamban 2021 hukumar FDA mai kula da ingancin abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata na'ura mai suna EaseVRx, wadda yanzu ake kira RelieVRx, ga masu shekara 18 zuwa sama. Zama 56 ake yi cikin mako takwas, kowanne minti 2 zuwa 16. A gwajin da aka yi da mutum 179, kashi 66 cikin ɗari na masu amfani da ita ciwonsu ya ragu da fiye da kashi 30, su kuwa waɗanda aka ba na bogi kashi 41 ne suka sami hakan. Sauƙi ne na gaske, amma kada mai talla ya ce wa kowa waraka ce.

Kusan tara cikin goma na ciwon ƙugu ba a gano takamaiman abin da ya lalace a jiki. Tsoro ne ke riƙe da yawa daga cikin majinyata. Mutum ya daina sunkuyo, sallah ma ya koma yi a kan kujera, tsoka ta sage, ciwo ya ƙaru. RelieVRx numfashi daga ciki da sakin jiki take koyarwa. Akwai kuma wadda likitocin fisiyo ke amfani da ita a sashen gashi, mai kama da wasa: majinyaci ya miƙa hannu ya ɗauko abu daidai kafaɗa, bayan kwanaki daidai ƙugu, sannan gwiwa. Hankalinsa na kan wasan, bayansa na lanƙwasawa bai ankara ba.

A nan kuma matsalar take. Tunda ba ya jin zafin sosai, sai ya wuce gona da iri, washegari ya kasa tashi. Shi ya sa ake farawa a zaune, a kujera mai majingina, minti biyar zuwa goma, da wani a tsaye kusa, an kawar da tebur da duk abin tuntuɓe. Idan zafin da ya biyo baya bai lafa cikin awa 24 ba, a rage nisan sunkuyon a zama na gaba. Jiri da tashin zuciya suna zuwa ne saboda ido na ganin ana tafiya, cikin kunne kuwa na shaida wa ƙwaƙwalwa cewa a zaune ake; da sun fara a cire tabarau nan take. Nauyinsa ya kai kusan rabin kilo, yana gajiyar da wuya idan maɗaurin ya yi sako-sako. Mai farfaɗiya kada ya sa sai da izinin likita. Tabarau na kwali da ake zura waya a ciki juyin kai kawai yake bi, bai san ko mutum ya sunkuya ba, don haka bai isa wannan atisayen ba.

Abin da ya fi damuna shi ne a ɗaura wa mutum ba a duba shi ba. Mai ciwon baya da zazzaɓi, gumin dare da rama, a fara binciken tarin fuka na ƙashin baya, wanda har yau muna ganinsa a asibitocinmu na Arewa. Wanda ƙafarsa ke mutuwa, ko ya daina jin taɓi a matsematsinsa, ko fitsari da bayan gida ke kufce masa, a kai shi sashen gaggawa a ranar, kada a jira gobe.

Daga wani likitan fisiyo, Kano.