Amsa ga ɗana da ya tambayi dalilin sujadar godiya ta 1 ga Oktoba

Ɗana,

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an yi addu'ar sallama, ka miƙe a gaban dattawan ikkilisiya da matasa ka ce: "Mama, da wane baki za mu yi rawa da guɗa muna gode wa Allah saboda Najeriya, alhali ƙauyenmu ya zama kufai, mudun masara kuma ya gagari talaka? Wannan godiya ce ko munafunci?" Wasu sun yi tsaki, wani dattijo ya ce ka zauna. Ni ban ji rashin kunya a maganarka ba. Zuciyata ce ta yi nauyi, shi ya sa na yi shiru. Tunda a bainar jama'a ka yi tambaya, a bainar jama'a zan amsa.

Ka buɗe Maimaitawar Shari'a sura 26. An umarci manomi ya zuba nunan fari a kwando ya kai wa firist. Amma kafin ya yi sujada, sai ya ba da tarihin gidansu da bakinsa: kakansa mai yawo ne, sun gangara Masar, an bautar da su, an wulaƙanta su, suka yi kuka, Ubangiji ya ji. Sai bayan ya faɗi wahalar dalla-dalla yake cewa ga abin da ƙasa ta ba ni. Mu ne muka yanke rabin farko muka bar rawa kaɗai, shi ya sa godiyarmu take yi maka kama da taron 'yan siyasa. A nan kam kana da gaskiya, kuma ni ma da laifina a ciki, domin shekara da shekaru ina jagorantar Zumuntar Mata a wannan sujada ban taɓa cewa a gyara ba.

Saboda haka bana mun sake tsari, fasto kuma ya yarda. Za mu shiga majami'a ba kiɗa, ba guɗa. Duk wanda aka kora daga garinsu zai tashi ya ambaci sunan garin. Za mu tuna da 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014, waɗanda har yau wasunsu ba su dawo ba. Bayan haka tulu ɗaya tak za a buga, a hankali, irin bugun da ake yi a gidan makoki, a karanta ƙarshen littafin Habakkuk: ɓaure bai yi toho ba, gona ba ta ba da abinci ba, garke ya watse, duk da haka annabin ya ce zai yi murna da Allahnsa. Ka lura da layin ƙarshe na littafin, inda aka rubuta cewa a miƙa wa shugaban mawaƙa, a rera da kayan kiɗa masu tsirkiya. Ashe waƙa ce, kuma mai yunwa aka rubuta wa.

Daga nan ne za a shigo da damman dawa da gero, da doya, da acca a ƙwarya, a saki ganga da caki da kuge. Na san wasu abokanka suna ganin tulu da caki ƙauyanci ne, jita da piyano su ne wayewa. Kada ka raina tulun nan. A wurare da yawa Turawan mishan na farko sun hana ganga a sujada don suna ganinta kayan bori da tsafi, aka bar iyayenmu da waƙoƙin da aka fassara, ana jan muryar Turai a kan kalmomin Hausa har ma'anarsu ta karkace. Mata ne suka ɗauko tulun ɗaki da ƙwarya suka shigo da su, suka tsara waƙar amshi irin ta daka da niƙa, har wadda ba ta iya karatu ba ta haddace labarin Yusufu da na Rut. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, amma a bakin matan nan ya shiga gidaje. Kuma in ka je Wusasa ka ga majami'ar St. Bartholomew da magina suka gina da ƙasa, da bakan gizo irin na soron Zazzau, za ka gane ba yau aka fara yi wa Allah sujada da abin gida ba.

To, me za a gode a kai? Na hana kowa ya tashi ya ce "mun gode wa Allah saboda ƙasarmu" ya zauna. Wannan magana ce marar ƙashi. Kowa ya kama abu ɗaya da suna. Ni nawa biyu ne. Ina yarinya aka gama yaƙin basasa a Janairun 1970, na ga sojoji suna dawowa, na ga uwayen da nasu ba su dawo ba, na kuma ga Inyamurai sun sake buɗe shagunansu a kasuwarmu. Na biyu shi ne Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa a Barkin Ladi, wanda a Yunin 2018 ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa yana roƙon maharan. Ƙasar da ta haifi waɗanda suka ƙone ƙauyenku ita ta haifi wannan dattijo. Ba zan iya ambaton ɗaya in haɗiye ɗaya ba.

Wani abu kuma, don hankalinka ya kwanta: ba mu ware wa kowane mai muƙami kujerar gaba ba, ba kuma wanda za a ba makirufo ya yi mana jawabi. Wanda ya zo, ya zauna inda ya samu. Irmiya ya gaya wa 'yan bauta a Babila su nemi zaman lafiyar birnin su yi masa addu'a, bai ce su yi wa Nebukadnezzar kirari ba. Hatsin da aka tara kuwa ba za a yi gwanjonsa ba bana. Za a raba wa gwauraye mata da iyalan da suka yi gudun hijira, Kirista da Musulmi na unguwarmu.

Ban ce dole ka yi rawa ba. In ƙafarka ta ƙi, ka tsaya a rabin farko, wannan ma sujada ce. Amma ina so kai ka fara ambaton sunan ƙauyenku, tunda kai ka yi ƙarfin halin tambaya. Muna koyon waƙa ranar Asabar da ƙarfe 4 na yamma. Ka zo da jitarka, akwai wurin da nake so ta shiga bayan tulu.

Mamarka a cikin Ubangiji,
shugabar Zumuntar Mata