Malam, ina mafita kan harajin mai jego da rasit ɗin haya?

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari, da fatan iyali suna lafiya.

Ni akawun albashi ne a wani kamfani mai zaman kansa a nan cikin Katsina. Duk ma'aikacin da aka yi wa haihuwa, ana gama suna sai ya kawo takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, ya ce a rage masa haraji tunda nauyi ya ƙaru. Wasu a waya suka ga ana yi wa iyaye rangwame a Amurka saboda 'ya'ya. Wasu kuma iyayensu, tsofaffin ma'aikata, ne suka gaya musu akwai alawus na yara.

Tsofaffin ba ƙarya suka yi ba. Tsohuwar dokar haraji ta 1993 tana cire naira 2,500 kan kowane ɗa, iyaka 'ya'ya huɗu, daga kuɗin da za a yi wa haraji. Naira 10,000 ke nan a shekara, kuma ko wanda ke biyan kashi 24 cikin ɗari, abin da zai rage masa a aljihu bai wuce 2,400 ba. Dokar kuɗi ta 2019 ta soke shi. Sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, ita ma ba ta dawo da shi ba. Naira 800,000 na farko a shekara ba haraji, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, a haka har a kai kashi 25. Abin da ake cirewa kafin lissafi shi ne fansho, asusun gidaje, inshorar lafiya, inshorar rai, ruwan bashin gidan da mutum ke ciki, sai kashi 20 na kuɗin haya wanda ba zai wuce 500,000 ba. Jariri ba ya cikin jerin.

Wannan na iya faɗa wa kowa, ko da ba za a ji daɗi ba. Inda nake neman shawara shi ne abubuwan da haihuwa ke janyowa, don su suna taɓa lissafin.

Wanda ya fi damuna shi ne hutun haihuwa. Dokar ƙwadago ta ba mace mako 12, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida tana aiki, kuma kamfanoni da yawa a nan rabin suke biya. A ɗauki mai albashin 120,000 a wata, ana cire mata kashi 8 na fansho. In ta yi shekara cif, harajinta 78,720 ne, wato 6,560 duk wata. In ta karɓi 60,000 na wata uku, abin da ta samu a shekara ya koma 1,260,000, a cire fansho 100,800, a cire 800,000, saura 359,200, harajinsa 53,880. Wurin da aka bar kwamfuta tana cire 6,560 ba a taɓa ba, an ci mata 24,840. Ko akawun da ya lura ya daina cirewa a watannin jego, tunda 60,000 sau 12 bai kai 800,000 ba, zai tashi da 59,040, har yanzu akwai rarar 5,160. Dalili kuwa, haraji na shekara ne, mu kuma wata-wata muke yanka, muna turawa kafin 10 ga watan da ke biye. Kuɗin sun riga sun shiga asusun hukumar tara haraji ta jiha. To Malam, shin ya halatta in rage abin da zan cire mata a sauran watanni har lissafin ya daidaita kafin bayanin shekara da kamfani ke miƙawa a ƙarshen Janairu? Ko dole sai ita ta cike nata fom kafin 31 ga Maris ta nemi a mayar mata? A ganina na farkon ya fi adalci, don mai goyo ba za ta yi ta zarya a ofis kan naira dubu biyar ba, kuɗin Keke Napep ma sai ya cinye rabi. Amma ba na so masu bincike su zo su ce kamfani ya biya ƙasa da ƙa'ida a waɗannan watanni.

Sai batun haya. Ango da ke ciki da falo a Ƙofar Marusa, in iyali suka ƙaru sai ya nemi mai ɗaki biyu. Mai albashin 150,000 da ke biyan hayar 300,000 a shekara, bayan an cire fansho da rangwamen haya, harajinsa 9,950 ne a wata. Ya koma gidan 500,000, ya zama 9,450. Ba rasit kuwa, 10,700 ne. Bambancin ba yawa, amma mai sayen madara da famfas ya san darajar naira 1,250. Matsalar ita ce yawancin haya a garin nan da baki ake yi, ko dillali ya yago takarda daga littafin makaranta ya rubuta "na karɓi kuɗin gida", ba adireshi, ba sunan mai gida, ba ranar da shekara ta fara. Wasu masu gidajen da gangan suke ƙin ba da rasit, tsoron kada hukuma ta biyo su. Wace shaida ce mafi ƙaranci da zan karɓa? Shaidar tura kuɗi ta banki da sa hannun shaidu biyu ta isa? In kuma mata da miji duk suna aiki, matar ta tallafa da rabi amma sunan mijin ne a rasit, kamar yadda aka saba, za a iya raba rangwamen tsakaninsu? Wanda ke zaune a gidan gado dai na san ba shi da komai a nan, sai haƙuri.

Akwai kuma gudummawar suna. Abin da abokan aiki suka haɗa daga aljihunsu kyauta ce, ba na shigar da ita. Amma in kamfani da kansa ya ba da 50,000 ko ya sayi rago, ya rubuta a littafinsa a matsayin kuɗin jin daɗin ma'aikata, ni ina kallonsa a matsayin amfanin da mutum ya samu ta dalilin aikinsa, wanda ya kamata ya shiga albashin watan. Manajoji suna cewa wannan rashin ta ido ne, wa ke yanka haraji a ragon suna? Ina so in ji inda doka ta raba kyauta da alawus.

Don Allah in da hali a gayyato wani jami'in hukumar haraji cikin shirin, ya amsa da bakinsa, musamman batun mai jego, tunda akwai biyu da za su dawo aiki kafin Disamba kuma ina so in rufe lissafinsu daidai.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronku,
Akawun albashi, Katsina