Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Kan Filastar Angona

Assalamu alaikum. 'Yata, ina fata kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan Jos sai godiya, sanyi ne dai ya hana mu sakat.

Na yi hamdala da likita ya gano abin da ke damun angon nawa. Ashe ƙiriniya da rashin natsuwar da ake ta yi masa faɗa a kai lalura ce, ADHD. Abin da bai kwanta mini ba shi ne zancenki a waya, wai za ki riƙa raba filastar maganin da aka rubuta masa, Daytrana, biyu saboda tsada. Kul! Ba a sa mata almakashi. A lokacin da nake aikin jinya na ga yadda irin wannan dabara ke ƙarewa.

Daytrana ɗin nan metilfenidet ne a cikinta, sinadarin da ke cikin Ritalin, maganin ADHD na sha, sai dai ta fata yake shiga a hankali. Tun 2006 Amurka ta amince da ita ga yara daga shekara 6. Girma huɗu gare ta: miligiram 10, 15, 20 da 30, wato yawan maganin da kowacce ke saki cikin awa 9. Da ta 10 ake farawa, in da buƙata likita ya ƙara mako-mako. Shi ke ƙarawa, ba ke ba, ba malamar aji ba, ko da ranar jarrabawa ce.

Takan ɗauki kamar awa 2 kafin ta fara aiki, don haka bayan Asuba, wajen ƙarfe 6, za ki manna masa. A kwatangwalo, ƙasa da inda robar wando ke gogawa, yau dama gobe hagu. Ki danne da tafin hannu daƙiƙa 30. Na san halinki da lafta wa yara mai lokacin hunturu; wurin nan ki bar shi busasshe, in ba haka ba ba za ta kama ba. Ƙarfe 3 ki cire. Maganin na ci gaba da aiki wasu 'yan awanni, zai kai shi Islamiyya. In ta faɗi a makaranta a sa sabuwa, amma har yanzu ƙarfe 3 ɗin ne lokacin cirewa. In barci ya gagare shi ko ya ƙi tuwon dare, ki gaya wa likita; sau da yawa rage awannin yake yi.

Zafin Abujar nan taku ma abin lura ne, domin ɗumi na sa fata ta zuƙi maganin fiye da ƙima. Ban da gasa wurin da ruwan zafi, ban da barinsa a mota cikin rana.

Ki riƙa duba fatar. Ɗan ja-ja ba komai, amma kumburi ko ƙuraje sai asibiti. A 2015 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa tana iya barin farin tabo da ba ya gogewa, kin ga kuwa a fatarmu ba zai ɓuya ba. Ki riƙa auna nauyinsa da tsayinsa kina rubutawa.

Wadda kika cire ki ninke ta, danƙo kan danƙo, akwai sauran magani a jikinta, ga ƙanwarsa komai ta tsinta sai baki. Kwalin kuma a kulle, kada ki sammawa ɗan kowa.

Ki gaishe mini da maigidanki. Ki ce wa angon nawa in an yi hutu ya zo, na ajiye masa dankali.

Mahaifiyarki