Wasiƙa daga Garin Bijimi

Durham, Litinin 25 ga Agusta, 2025

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Yaya damina? Ina fata gero ya fid da kai, ruwa kuma bai yi muku ɓarna ba.

Na saurari saƙonka na murya har sau biyu, kuma ƙorafinka yana kan hanya. Wata biyar ke nan ban zauna na rubuto maka abin kirki ba. Ka ce wane irin wasa ne wannan da ya raba ni da ƙwallon ƙafa, ni da muka sha rana tare a filin Sani Abacha muna kiran "Sai Masu Gida". Bai raba ni ba, wallahi. Amma yau Litinin, ita ce kaɗai ranar da ba a wasa a mako, don haka bari in ba ka labarin a tsanake.

Ka san da safe ina tuƙin motar haya ta waya. To, tun ƙarshen Maris, muna shirye-shiryen Ƙaramar Sallah, na ƙara da aikin yamma a filin besbol na garin nan, a rumfar da ake sayar da gyaɗa da gugguru da lemo. Tun ranar farko na faɗa wa shugabar rumfunan cewa ba na taɓa giya, ta ce ba komai, ta ba ni wannan gurbin. Sunan ƙungiyar Durham Bulls, wato Bijiman Durham. Asalin bijimin daga taba ne. Garin nan da taba ya tashi, hoton bijimi ne kuma tambarin tabar da ta yi masa suna, har yau ana ce masa Garin Bijimi. Masana'antar tabar tana nan jikin filin wasan, da jan bulonta da dogon bututun hayaƙinta, sai dai tun 1987 aka daina aiki a ciki, yanzu ofisoshi ne da gidajen abinci. Ƙungiyar kuwa tun 1902 ake jin ɗuriyarta. Filin da muke ciki an buɗe shi a 1995, yana cin mutum 10,000.

Shi wasan ba zan cika ka da ƙa'idojinsa ba, don sai ka zauna ka gani. Mutum tara-tara ne. Mai jifa yana tsaye a kan ɗan tudu, tsakaninsa da mai duka ƙafa 60 da inci 6, ya wurgo ƙwallo mai tauri kamar dutse, da gudun da kan haura mil 90 a awa. Mai duka ya kai mata sanda, in ya samu ya ruga. Turaku huɗu ne, tsakanin kowanne ƙafa 90, wanda ya zagaye su ya dawo gida an ci ɗaya. In an fitar da mutum uku sai a yi musaya, haka har zagaye tara. Abin da ya fara kama zuciyata shi ne da wani dattijo ya ce mini wanda ya dace sau uku cikin goma, shi ne gwani a wasan nan. Sau bakwai yana komawa benci da sandarsa a hannu, gobe kuma ya sake fitowa.

Kuma goben ba ta da nisa. Wasa 150 suke yi a kaka, rabi a gida rabi a waje. Baƙi su zo ranar Talata, a yi ta bugawa da su kullum har Lahadi, wasa shida a jere. Mako mai zuwa namu su tafi Norfolk ko Charlotte ko Jacksonville, gari ya yi tsit, mu ma rumfa a rufe. Rayuwar unguwar gaba ɗaya a kan wannan jadawalin take tafiya. Masu gidajen abinci sun san makon da za su ƙara ma'aikata, mu direbobi mun san daren da ba za mu kwanta da wuri ba.

Amma ga inda ya bambanta da ƙwallonmu, shi ne kuma dalilin wannan doguwar wasiƙa. A nan ƙungiya ba ta hawa rukuni, ba ta faɗuwa. Mutum ne yake hawa, mutum ne yake faɗuwa. Bijiman nan reshe ne na wata babbar ƙungiya da ke Fulorida, Tampa Bay Rays, tun 1998. Ita ke ɗaukar 'yan wasa, ita ke biyansu, ita ke naɗa koci. Masu filin nan nasu shi ne tikiti da abinci da nishaɗi. Yaro yakan fara daga ƙasa, a Charleston, ya hau Bowling Green a Kentucky, ya hau Montgomery a Alabama, sannan ya iso nan. Durham ce matakala ta ƙarshe, daga ita sai babban rukuni. Ka ga ke nan duk wanda ya sa rigar garin nan, addu'arsa dare da rana ita ce ya cire ta. Mutanen gari sun san da haka sarai, kuma ba su fasa tafa masa ba.

Wata Asuba a watan Yuni, wajen ƙarfe huɗu da rabi, waya ta kira ni wani rukunin gidaje kusa da filin. Saurayi ne ya fito, dogo, da akwati ɗaya da doguwar jakar sanduna. Ban gane shi ba sai da fitilar mota ta haska fuskarsa, ashe daren jiya ina kallonsa ta tagar rumfa. Filin jirgin Raleigh-Durham za shi. Muna hawa babbar hanya ya kira gida. Ba na jin Sifaniyanci, amma kalmar "Mama" ba ta bukatar tafinta. Na ji ihun mata ta cikin wayar, shi kuma ya sa hular wasansa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Na rage rediyo. Da ya gama, cikin Turancinsa mai tsalle-tsalle irin nawa na farkon zuwa, ya ce bayan wasa koci ya kira shi ofis ya ce ya haɗa kayansa, an neme shi a sama. Shekara bakwai yana jiran wannan maganar. Tun yana ɗan sha shida ya sa hannu a takarda, ya bar ƙauyensu. Na ce masa Allah ya sa a dace, ya dafa ƙirji ya ce amin, don kalmar ɗaya ce a wurinmu da su.

Bayan mako uku ina zuba wa wata mata gugguru, na ji lasifika ta kira sunansa. Ya dawo. Wanda ya je ya maye wa gurbi ya warke daga rauni, shi ke nan aka maido shi. Mutane suka miƙe suna tafi, shi kuma ya taka zuwa wurin duka bai ɗaga kai ba. Aminina, na daɗe ban ga abin da ya tuna mini da kaina irin wannan ba. Ka tuna shekarar da na yi ta zaryar neman biza, ina dawowa ina zama a shagonka ba na iya cewa komai? Da yawa daga cikin yaran nan 'yan ci-rani ne kamar mu, daga Jamhuriyar Dominika da Benezuwela da Kuba, kowanne da gida guda a bayansa ana jiran abin da zai aiko.

Tazarar da ke tsakanin matakalar nan da ta sama kuwa ba ƙarama ba ce. Mafi ƙarancin albashi a babban rukuni bana dala 760,000 ne a shekara, wato wanda aka kira ko na kwana ɗaya ne zai tashi da wajen dala 4,000. A nan kuwa, kafin 2023, mafi ƙaranci dala 17,500 ne. Sai da 'yan wasan ƙananan rukunai suka shiga ƙungiyar ƙwadago a 2022, aka ƙulla yarjejeniyar farko a shekarar da ta biyo, sannan ya koma 35,800. Masauki ma sai daga 2022 aka wajabta wa ƙungiyoyi su ba su. Kar ka buga lissafin nan da naira ka ce ai sun warke. Kuɗin hayar ɗaki a ƙasar nan kaɗai ya isa ya cinye rabin tsohon albashin, shi ya sa a da za ka tarar da ƙarti biyar ko shida a gida ɗaya, wasu a kan katifar iska, in kaka ta ƙare kuma su bazama neman aikin hannu. A ganina an daɗe ana cin guminsu, gyaran ma ya zo a makare. Kuma a 2021 an rage rassan daga 160 zuwa 120, garuruwa da dama suka wayi gari an yanke igiyar da ta haɗa su da manyan ƙungiyoyi. Namu garin ya tsira.

Kar in sa ka ɗauka wurin baƙin ciki ne. Ko kusa. Rabin mutanen da ke zuwa ba su damu da wa ya ci ba. Iyali ne suke fitowa shan iska, kaka da jika, ma'aikatan asibiti da kayan aikinsu a jiki, ɗaliban jami'a. A gefen hagu akwai katanga mai tsawon ƙafa 32 da suke kira Shuɗin Dodo, a jikinta allon maki yake, har yau da hannu ake sauya lambobinsa. A samanta an kafa ƙaton hoton bijimi tsaye a kan ciyawa, an rubuta cewa wanda ƙwallonsa ta doki bijimin ya ci gasasshen nama, wanda ta doki ciyawar ya ci kwanon salak. Duk sanda ɗan gida ya buga ƙwallo ta tsallake katanga, sai idanun bijimin su yi jajur, hayaƙi ya tuttuɗo ta hancinsa, wutsiya tana kaɗawa. Ranar da ɗanka ya fara ganin haka, ƙanƙame ni ya yi, sannan ya fashe da dariya. Daren Juma'a akan yi wasan wuta bayan an tashi. Akwai ma daren da ake barin mutane su shigo da karnukansu, ranar nakan yi kaffa-kaffa da tufafina saboda salla.

Maganar salla, a tsakiyar bazara rana ba ta faɗuwa a nan sai wajen takwas da rabi, wasa ya yi nisa. Wata dattijuwa baƙar fata da muke rumfa ɗaya, wadda ta fi shekara ashirin tana aikin, ita ke duba agogo ta ce in tafi, za ta riƙe mini layi. A bayan sito nake shimfiɗa dadduma, tsakanin kwalayen kofuna. Ina sujada ina jin ƙasa tana girgiza in an yi ci. Ita ce ta nuna mini lambobin da aka jingine, ba mai sake sa su: 18 ta Joe Morgan da ya buga a nan a 1963, da 10 ta Chipper Jones na 1992, dukansu sun zama manyan taurari daga baya, sai 42 ta Jackie Robinson, baƙar fatan da ya karya shingen wariya a babban rukuni a 1947. Da ta zo kan wannan ta ɗan yi shiru, ta ce a zamanin mahaifinta ba ko'ina baƙar fata ke zama a filin wasa ba.

Hadarin garin nan irin namu ne na Agusta. Zafi ya dame ka tun safe, riga ta manne a baya, can da yamma gabas ko yamma ta haɗe baƙi ƙirin. Alƙalin wasa yana ɗaga hannu sai ka ga ma'aikata sun fito a guje, har da na ofis masu sayar da tikiti, su jeru su turo wani ƙaton naɗin tamfol, su ja shi su rufe tsakiyar fili kafin ƙasa ta jiƙe. Wani lokaci iska ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi kamar tanti, wani ya zame, jama'a na ta sowa. Mu a rumfa lokacin ne kasuwa ke buɗewa, kowa ya gudo inuwa da yunwarsa. Ƙanshin ƙasar nan in ruwa ya taɓa ta, ban taɓa jinsa ban tuna tsakar gidanmu ba.

Ɗanka fa ya yi nisa. Yana da safar kama ƙwallo, da ita yake kwana. Kafin a fara wasa yakan tsaya bakin shinge da alƙalami yana jiran a sa masa hannu. Akwai wani mai jifa da ya haura shekara talatin, ya taɓa ɗanɗana babban rukuni ya dawo, kullum sai ya tsaya ya gaisa da yara. Bayan 31 ga Yuli, ranar da ake rufe musayar 'yan wasa, muka zo babu shi. Ba sama ya tafi ba, sallamarsa aka yi, don a ba wani yaro gurbi. Ɗanka ya yi ta tambayata ina ya tafi, wa zai biya masa haya, yana da 'ya'ya? Na ce masa mu yi masa addu'a, muka yi. Ƙwallon da mutumin ya sa wa hannu tana kan tagar ɗakinsa.

Ranar 1 ga Satumba manyan ƙungiyoyi za su ƙara gurbi biyu-biyu, daga 26 zuwa 28, don haka makon nan kowa a filin kunnensa na kan waya. Ina yi wa saurayin nan na Asuba fatan yana ciki, kuma in Allah ya sa ni zan sake kai shi, ba zan karɓi ko sisi ba. Bayan tsakiyar Satumba za a rufe kaka, a kulle rumfuna sai Maris. Daga nan zan samu sararin kiranka mu yi maganar filin nan na bayan makaranta da ka ce an sa a kasuwa. Ka taya ni bincika takardunsa tukuna.

Na ba wani ɗan'uwa da zai taho gida wata mai kamawa hula biyu masu hoton bijimin, ɗaya taka, ɗaya ta babban yaronka. In zai dawo, don Allah a haɗo shi da yaji da kuka da daddawa, na uwargida sun kusa ƙarewa. Tana gaishe da maiɗakinka ƙwarai. Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce ta ci gaba da sa mu a addu'a, da Liman, da duk 'yan majalisar ƙofar shago.

Wassalam,
Naka har kullum, amininka.