Wasiƙa Daga Bakin Gulbin Rima

Assalamu alaikum, aminina.

Ina fata kana lafiya, da iyali da yara. Mu nan Sakkwato sai godiya, damina ta zauna, gulbi ya cika har ya fara malala cikin fadama.

Shekaranjiya na bi ta gadar Kwalkwalawa, na iske Sarkawa sun fito da kamu, rabin ƙwaryar duk kifin ƙurungu ne. Nan take na tuna ranar da ƙayarsa ta soke ka a tafin hannu muna yara, ka kwana kana kuka. Wallahi sai da kewarka ta kama ni.

Na tsuguna na duba shi da kyau. Ba shi da ɓawo ko ɗaya, gashin baki shida gare shi, da su yake laluben tsutsa da ƙananan dodon koɗi cikin laka, galibi da dare. Ƙayoyin nan uku ne, ɗaya a gadon baya, biyu a gefe. In ya ji tsoro sai ya miƙe su, su kulle kamar an sa sakata, babban kifi ko tsuntsu ya rasa yadda zai haɗiye shi. Kukan nan da yake yi in an ɗaga shi, da muke cewa zagi ne, ashe ba daga baki yake fitowa ba, gindin ƙayar gefe yake gogawa cikin gurbinta. Akwai ma irin da ke iyo a rigingine yana kiwo a saman ruwa, shi ya sa cikinsa ya fi bayansa duhu. Ikon Allah!

Abin da ke damuna shi ne wurin haihuwarsa. Sai ruwa ya hau fadama yake zuba ƙwai cikin ciyawa, 'ya'yan su yi wayo a nan kafin su koma gulbi. Tun da aka yi madatsun Bakolori da Goronyo, ambaliyar ba ta zuwa yadda ta saba. Ga kuma masu taru mai ƙananan idanu suna kwashe 'yan ƙanana kamar ɗan yatsa. Wani dattijo cikin masuntan ya ce mini shi kam mayar da su ruwa yake yi.

Na sayi na romo, an banda maka saura. In na sami mai zuwa wajenku zan ba shi ya kawo. Ka gaida uwargida.

Naka,
amininka na Sakkwato