Yadda Japan ta ci Shanghai ta bakin tekun da Sin ta bari babu tsaro

Edita,

Assalamu alaikum. Duk lokacin da jaridunmu suka taɓo Yaƙin Duniya na Biyu, ba a wuce labarin Hitila da na kakanninmu da suka je ƙasar Bama. Ina roƙon a ba ni fili in kawo wani abu da ya faru a 1937, wanda ya kamata matasan hafsoshinmu na Jaji da na barikin Rukuba su sani.

Yaƙin Shanghai ya ɓarke ranar 13 ga Agusta, 1937. Ranar 23 ga watan Janar Matsui Iwane ya sauke dakarun Japan a Wusong da Chuanshakou, arewa da birnin, daidai inda Sinawa ke jiran su. Sakamakon haka sai da Japanawa suka kwashe fiye da wata biyu suna ja da gwiwa daga ƙauye zuwa ƙauye, ana asarar rayuka ba adadi a garin Luodian. Garin Dachang da ke kusa da Shanghai bai faɗi ba sai ƙarshen Oktoba.

Abin da ya karya Sinawa ya zo ne daga kudu. Da asubar 5 ga Nuwamba, cikin hazo, Babbar Runduna ta 10 ta Japan ƙarƙashin Janar Yanagawa Heisuke ta sauka a Jinshanwei, a gaɓar mashigin tekun Hangzhou. Ta ƙunshi dibishin ta 6 da ta 18 da ta 114. Wurin ba ya da daɗin sauka ko kaɗan: ruwan teku kan cika ya janye da ƙarfi, in ya janye sai ya bar fili mai faɗi na taɓo, babban jirgi kuma dole ya tsaya can nesa. Wannan ne ya yaudari manyan sojan Sin, suka kwashe yawancin masu gadin gaɓar suka tura su Shanghai. Alhali tun zamanin daular Ming 'yan fashin teku ke shigowa ta wannan yanki.

Japan ta dogara ne da kwale-kwalen ƙarfe mai inji da ake kira Daihatsu. Tsawonsa mita 14, yana ɗaukar soja kusan 70, ko igwa da dawakai. Gabansa ƙofa ce da ake saukewa ta zama gada, sojoji su fita a guje maimakon su tsallako ta gefe ɗaya bayan ɗaya, lokacin da bindiga mai sarrafa kanta ke samun su. Ƙasansa an yi shi yadda zai zauna daram a kan yashi ba tare da ya kife ba. Kafin ya isa gaɓa ana jefa anka ta baya, domin da ita zai ja kansa ya koma ɗebo wasu. In aka yi kuskuren lissafin sa'ar cikar ruwa, kwale-kwalen ya maƙale a taɓo, soja mai kaya a baya ya nutse har gwiwa, na biye kuma su cunkushe. Shi ya sa ko 'yan bataliyoyi da igwa a kan tudu za su iya yin mummunar ɓarna a sa'o'in farko. Sinawa ba su da su a wurin. (Wani laftanar ɗin Amurka, Victor Krulak, ya ɗauki hoton irin wannan kwale-kwale a Shanghai a shekarar, daga baya dabarar ƙofar ta shiga kwale-kwalen Higgins da aka sauka Nomandi ta Faransa da shi a 1944.)

A ganina kuskure na biyu ya fi na farko muni. Jagoran Sin na lokacin, Chiang Kai-shek, ya yi jinkirin janye sojojinsa daga Shanghai, yana sa ran taron ƙasashe da aka buɗe a Brussels ranar 3 ga Nuwamba zai taka wa Japan birki. Taron bai haifar da komai ba. Kafin a ba da umarnin ja da baya, Japanawa sun haye kogin Huangpu sun doshi Songjiang, garin da ke kan layin dogo na Shanghai zuwa Hangzhou. Janar Wu Keren na Runduna ta 67 ta Sin, wanda ya kare garin, ya rasa ransa a lokacin ja da baya. Dubban sojojin Sin suka cika hanyoyi babu tsari, jiragen sama na yi musu luguden wuta. Da suka isa ɗakunan kankare da aka gina tun kafin yaƙi domin kare Nanjing, babban birnin Sin a lokacin, da yawa a kulle suke, masu makullan sun gudu, taswira ma babu.

Ranar 13 ga Nuwamba Japan ta sake sauke dibishin ta 16 a Baimaokou, a bakin kogin Yangtze, ta matse su ta arewa. Nanjing ta faɗi ranar 13 ga Disamba, kisan gillar da ya biyo baya kuwa sananne ne.

Mu ma muna da namu: saukar dakarun Benjamin Adekunle a Bonny a Yulin 1967, lokacin yaƙin basasa. Da jaridarku za ta nemo wani tsohon hafsan sojan ruwa ya yi mana bayanin yadda aka tsara ta, da an kyauta.

Naku,
Wani malamin tarihi,
Unguwar Rogo, Jos.